Jita da jita-jita: muhawara kan ingancin mujallun tsofaffin jitoci

Malam Habu, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga babu inda ya dace in kawo shi sai wannan zaure. Shekara ashirin da wani abu ke nan ina tara mujallun Amurka da na Ingila masu magana a kan tsofaffin jitoci, wato waɗanda aka ƙera tun daga shekarun 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1960, kuma mafi yawansu a wajen masu sayar da littattafan gwanjo na tsince su. A makon jiya ina karanta wani dogon rubutu a ɗaya daga cikinsu, ba zan kama sunanta ba, sai na ga hoton wata Stratocaster, jitar lantarki ta kamfanin Fender na Amurka, an rubuta a ƙasansa cewa ƙirar 1958 ce, alhali allon yatsun da ke kan wuyanta na katako mai duhu ne, wanda ake kira rozwud. Duk wanda ya ɗan daɗe a wannan fage ya san cewa Fender bai fara liƙa wannan katako a wuyan jita ba sai tsakiyar 1959, kafin nan wuyan farin katakon mepul ne guda ɗaya tun daga sama har ƙasa. Na duba fitowa uku da suka biyo baya, domin ina da su, ban ga ko layi ɗaya na gyara ba.

Abin da ya sa na damu shi ne, kuskure a wannan fanni ba kamar kuskure a labarin wasanni ba ne, wanda gobe an manta da shi. A nan bambancin shekara ɗaya a ƙira yana iya ɗaga kuɗin jita ko ya karya shi da dubban daloli, kuma abin da mujalla ta buga yau shi dillali zai ɗauko bayan shekara goma ya nuna wa mai saye a matsayin hujja. To ina tambaya: shin waɗannan mujallu sun cancanci amanar da muke ba su, ko kuwa jita-jita ce kawai aka yi mata ado da takarda mai sheƙi?

Injiniya Sale, Kano:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, kafin in shiga tambayar, akwai ɗan gyara a cikin maganarka, kuma ina neman afuwa. Ka ce Fender bai fara liƙa rozwud a wuyan jita ba sai tsakiyar 1959. Wannan haka yake a kan Stratocaster da Telecaster, amma Jazzmaster, wadda ta fito a 1958, da allon rozwud ta fito tun ranar farko. Ke nan da ka ce Stratocaster ce ba ta samu ba sai 1959, da maganar ta zauna daidai. Da ka faɗaɗa ta ka ce Fender, sai ta karkace.

Sa'annan game da hoton da ka gani, ni da nake kwance irin waɗannan kaya da hannuna ina ganin wata fuska ta daban. Wuyan jitar Fender ba da gam ake haɗa shi da gangar jikin ba, da kusoshi huɗu ake ɗaure shi, kuma Leo Fender, wanda ya kafa kamfanin, da gangan ya tsara shi haka domin in wuya ya lalace a cire a sa wani cikin 'yan mintoci. Saboda haka yana yiwuwa ƙwarai gangar jikin ta 1958 ce, wuyan kuma na 1960 ne ko 1961 da wani makaɗi ya sa mata tun tuni. In haka ne, rubutun ƙasan hoton bai yi ƙarya tsagwaronta ba, amma ya ɓoye rabin gaskiya, kuma rabin da ya ɓoye shi ne wanda mai saye ya fi bukata. Abin da ya kamata edita ya yi shi ne ya tambayi mai jitar ko an taɓa kwance wuyan an duba kwanan watan da ma'aikatan Fender ke rubutawa da fensir a gindinsa a wancan zamani. Tambaya ce ta minti ɗaya.

Malam Habu, Zariya:
Na karɓi gyara, Injiniya, kuma na gode. Na zo ina tuhumar editoci da sakaci, ga shi tun a sakin layi na farko alƙalamina ya yi tuntuɓe. Amma ka lura cewa kai ka gyara mini cikin awa guda kuma a gaban kowa, ita kuwa mujallar ta yi shiru har wata uku. A kan wannan shirun nake magana.

Hajiya Binta, Kaduna:
Malam Habu ya taɓo wurin da ya fi muhimmanci a jawabinsa na biyu. Ni ban san kiɗan jita ba, maigidana ne mai sha'awar, amma na yi shekara goma sha bakwai a teburin tace labarai na wata jarida kafin in yi ritaya, saboda haka na san yadda irin wannan kuskure ke shiga takarda. Marubuci yakan kawo rubutunsa, mai hoto ya kawo hotunansa daban, sa'annan a daren da za a kai aiki maɗaba'a wani mutum na uku, wanda wataƙila bai karanta rubutun ba, shi ke tsara shafi ya rubuta abin da ke ƙasan hoto. Shi ya sa a kowace mujalla ta duniya rubutun ƙasan hoto da kanun labari suka fi kowane wuri tara kurakurai, kuma su ne wuraren da mai karatu ya fi kallo. Wanda ya ce zai buga mujalla kowane wata ba tare da kuskure ba, bai taɓa kwana a ɗakin labarai ba.

Ma'aunin da nake auna mujalla da shi guda biyu ne. Na farko, in an nuna mata kuskure, tana buga gyara a wurin da za a gani, ko kuwa tana binne wasiƙar mai karatu? Na biyu, kuma shi ya fi nauyi a wurina, tana gaya wa mai karatu daga ina ta samo magana? Na lura a 'yan mujallun da nake ɗauka a ɗakin maigidana cewa ana zuba magana iri uku a ƙwarya ɗaya ba tare da an bambanta su ba: akwai abin da aka gani a rubuce a kundin kamfani, akwai abin da wani tsohon ma'aikaci ya tuna bayan shekara arba'in, akwai kuma abin da mai jitar ko dillalinsa ya faɗa alhali yana son ya sayar. Duk ukun sai a rubuta su da murya ɗaya, muryar tabbaci. Mu da muka tashi muna jin malamai suna tambayar wa ya ruwaito, kuma daga wa ya ji, kafin su ce magana ta inganta ko tana da rauni, bai kamata a ce wannan ladabi baƙo ne a wurinmu ba. Jimla ɗaya ta isa, kamar a ce "a cewar mai jitar", ko "bisa ga kundin jigilar kaya na kamfanin". Editan da ya cire irin wannan jimla don shafi ya yi kyau, ya cuci mai karatu.

Alhaji Mamman, Damagaram:
Hajiya ta yi magana irin ta masu aikin jarida, ni kuma bari in yi irin ta 'yan kasuwa, domin a ganina matsalar ba ta tsaya a gajiyar dare ba. Ku buɗe kowace daga cikin mujallun nan ku ƙirga shafukan talla, ku duba su wane ne masu tallan. Dillalan tsofaffin jitoci ne, da gidajen gwanjo, da kamfanonin da ke sake ƙera tsohon samfuri suna sayarwa da tsada. Ita kanta Vintage Guitar, wadda Alan Greenwood ya kafa a 1986 a jihar Dakota ta Arewa, da sunan The Music Trader ta fara, wato takardar saye da sayarwa ce tun asali, kuma har yau kowace shekara suna fitar da littafin farashi wanda kasuwa ke dubawa. Ban ce sun yi wa kowa ƙarya ba, ban da hujjar haka. Abin da nake cewa shi ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mujallar da dillalai ke riƙe da ita ba za ta yi saurin rubuta cewa jitar wani zamani ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Ga misalin yadda kalmar kasuwa ke zama tarihi. Yau duk jitar Japan ta shekarun 1970 da aka kwaikwayi ƙirar Amurka, sai ka ji ana kiranta jitar zamanin shari'a, kamar an kai kowane kamfani kotu. Alhali shari'ar da aka sani guda ce: a 1977 Norlin, kamfanin da ke mallakar masana'antar jitoci ta Gibson a lokacin, ya kai ƙarar Elger, mai rarraba jitocin Ibanez a Amurka, gaban kotu a Filadelfiya, a kan siffar kan jita kawai, kuma aka sasanta a wajen kotu. Ibanez ma ya riga ya canza siffar kan tun kafin a shigar da ƙarar. Amma sunan yana ƙara kuɗi, saboda haka dillalai suka riƙe shi, marubuta kuma suka bi su. Editan kirki zai tambaya wace shari'a, a wace kotu, a kan wane kamfani.

Dakta Isa, Landan:
Ranka ya daɗe Alhaji, maganarka a kan kalmar shari'a daidai ce, amma ina so in tsaya wa marubutan nan kaɗan, domin ina ganin muna yi musu hukunci da ilimin da su suka tara mana. A farkon shekarun 1970 babu wani littafi da mutum zai buɗe ya san wace shekara aka canza kaza. Dillalan da Alhaji ke zargi su ne suka fara gina ilimin, saboda su ne jitoci ɗaruruwa ke ratsa hannunsu. George Gruhn, wanda ya buɗe shagonsa a Nashville a 1970 kuma ya daɗe yana rubutu a mujallar Guitar Player, ilimin dabbobi ya karanta a jami'a, kuma da irin tsarin da masana ke rarrabe jinsin dabbobi ya riƙa rarrabe jitoci, siffa bayan siffa, har shi da Walter Carter suka fitar da littafin jagora a 1991. Dillali ne, kuma masani ne, ba a raba biyun.

Abu na biyu, kamfanonin kansu ba su bar rubutu mai tsabta ba. Martin ne kaɗai a cikin manyan za a ce ya kyauta, domin lambobinsa suna tafiya a jere tun 1898, shi ya sa ake iya faɗa ba tare da shakka ba cewa jitarsa samfurin D-45 guda 91 aka ƙera tsakanin 1933 da 1942. Fender kuwa faranti mai lamba ake ɗaukowa daga akwati yadda hannu ya kai, saboda haka ƙaramar lamba ba ta nufin ta riga babba fita. Gibson a shekarun 1960 ya maimaita lambobi, har a sami jitoci biyu na shekaru daban da lamba ɗaya. Kundin jigilar kayansa na 1959 zuwa 1960, wato na shekarun da jitarsa samfurin Les Paul da ta fi kowace tsada ta fito, ya ɓace, har a 2020 kamfanin ya sa ladan dala 59,000 ga wanda ya dawo da shi.

Kuma akwai inda kamfanin ne da kansa ya rubuta abin da ba daidai ba a jikin kaya. Maɗaukin sauti, wato ƙarfen da ke ƙarƙashin tsirkiya yana mai da motsinta lantarki, mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙirƙira wa Gibson, wanda aka fara sa wa Les Paul a 1957, an nemi takardar mallakar fasaharsa a 1955 aka kuma bayar a 1959, amma aka ci gaba da liƙa masa 'yar takardar da ke cewa ana kan nema har wajen 1962. Da aka zo sa lamba kuma, sai aka sa 2,737,842, wadda ba tasa ba ce, ta maɗaurin tsirkiya ce da makaɗi Les Paul, wanda jitar ke ɗauke da sunansa, ya ƙirƙira. Tasa ita ce 2,896,491. Marubucin da ya kwafi abin da ya gani da idonsa a jikin ƙarfen ya yi kuskure, kuma ba za a ce ya yi sakaci ba.

Hajiya Binta, Kaduna:
Dakta, duk abin da ka kawo hujja ce a gare ni, ba a kaina ba. In kundin ya ɓace, to a faɗa wa mai karatu cewa ya ɓace. Maigidana ya nuna mini alƙaluman da ake yawan bugawa na Les Paul Standard, 434 a 1958, 643 a 1959, 635 a 1960, sa'annan a haɗa a ce kusan 1,700 ne masu fentin nan mai ja a gefe da rawaya a tsakiya. Amma shi ya ƙara mini da cewa lissafin 1958 ya haɗa da masu launin zinare da aka yi a farkon shekarar, na 1960 kuma ya haɗa da sabuwar siffar nan mai ƙaho biyu da ta fara fita a ƙarshenta. To marubucin da ya san haka ya kuma buga jimillar ba tare da wannan bayani ba, ya ba ƙiyasi rigar tabbas.

Haka batun ruwayar mutane. Les Paul ya rayu har 2009 yana ba da labarin cewa shi ya tsara jitar da ke ɗauke da sunansa, Ted McCarty kuma, wanda ya shugabanci Gibson daga 1950 zuwa 1966, ya ce sun riga sun ƙera samfurin kafin su kai masa ya gani. Mutum biyu ne da suke wurin, kowa da nasa. Aikin edita shi ne ya ajiye ruwayoyin biyu gefe da gefe, ba ya zaɓi ta wanda ya fi iya hira ba. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne na matan Kalamazoo, garin Amurka da masana'antar Gibson take a lokacin. Shekara da shekaru ana maimaita cewa tsofaffin gwanaye maza ne suka riƙe masana'antar Gibson lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, alhali akwai hoton 1944 da ke nuna mata jingim a ƙofar masana'antar. Sai da wani malamin shari'a, John Thomas, ya bi hoton ya nemo waɗanda suka rage a raye ya yi hira da su, ya fitar da littafi a 2013, sa'annan labarin ya gyaru. Hoton yana nan tun tuni, tambaya ce ba a yi ba.

Nura, Jos:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ni ɗalibi ne a wannan fage, kuma ina da tambaya biyu. Ta farko, tunda mujallu suna da waɗannan matsaloli, ba gara mutum ya dogara da intanet ba, inda in wani ya yi kuskure nan take za a gyara masa kamar yadda Injiniya ya yi wa Baba Habu? Ta biyu kuma ta shafe ni kai tsaye. Akwai wata tsohuwar Stratocaster da wani dattijo ya rage da ita tun lokacin da yake kiɗa a ƙungiyar wani otal a nan garin, iyalinsa suna so su sayar, kuma wanda ke shiga tsakani ya ce ƙirar 1966 ce, ya ma nuna mini shafin wata mujalla mai hoton irinta. Kanta babba ne kamar na hoton. Wannan ya isa hujja?

Alhaji Mamman, Damagaram:
Ɗana Nura, Injiniya ne zai amsa maka ta biyun, ni dai shawarata kada ka yi cinikin biri a sama. Amma bari in ƙara wani misali da ya shafi kasuwancina na katako, domin ya nuna yadda marubuci ke ɗaukar sunan talla ya mai da shi sunan halitta. Flying V da Explorer da Gibson ya fitar a 1958 an ce da katakon korina aka yi su, kuma na sha karanta shi ana kambama shi kamar wata bishiya ce da ba a samu sai an sha wahala. Korina suna ne na kasuwa da Amurkawa suka sa wa limba, bishiyar dazuzzukan yammaci da tsakiyar Afirka, wadda Yarbawa ke kira afara, a Gana a ce ofram, a Kamaru a ce frake. Kafintocinmu da ita suke yin ƙofa da kabad. Abin da ya sa waɗancan jitoci suka yi tsada ƙarancinsu ne, tunda Flying V guda 81 aka fitar a 1958 da 17 a 1959 saboda kasuwa ta ƙi su. Wanda ya jingina tsadar ga katakon bai tambayi ko mai sayar da katako ɗaya ba.

Dakta Isa, Landan:
Game da tambayarka ta farko, Nura, intanet tana gyara da sauri, gaskiya ne, amma tana yaɗa kuskure da saurin da ya fi haka, kuma mafi yawan abin da ake kafa hujja da shi a can daga waɗannan mujallu da littattafai aka kwafo, an dai cire sunan wanda ya yi binciken. Mujalla tana da kwanan wata da sunan marubuci da sunan edita, saboda haka ko ta yi kuskure akwai wanda za a kama, kuma bayan shekara talatin za a iya bin sawu a ga inda maganar ta faro. Guitar Player, wadda aka fara a 1967, ta daina fitowa a takarda a ƙarshen 2024, kuma ni ban ga wannan a matsayin abin murna ga mai son inganci ba.

Inda na yarda da Alhaji da Hajiya shi ne rubutun da ake yi a kan gwanjon jitocin shahararrun makaɗa, domin a nan ne ake yawan kwafe sanarwar gidan gwanjo a buga ta kamar bincike. Stratocaster ɗin David Gilmour mai lamba 0001, wadda aka sayar a gwanjon Christie's a 2019, masana sun daɗe da sanin cewa ba ita ce ta farko da aka ƙera ba, amma lambar tana jan alƙalami zuwa ga faɗin haka. Baƙar jitarsa da aka sayar a ranar kan dala miliyan 3.975 an canza mata wuya da kayan ciki sau da yawa. Ta Eric Clapton da ake kira Blackie, wadda ta kai dala 959,500 a 2004, daga sassan jitoci uku ya harhaɗa ta. Kuɗin waɗannan na hannun da ya kaɗa su ne, kuma mujallar da ba ta bambanta wannan da darajar jitar da ba a taɓa ba tana rikita mai karatu irinka.

Malam Habu, Zariya:
Dakta, na sassauta a kan marubutan farko, domin lalle da su muke gani. Amma uzurin da za a yi wa mai rubutu a 1975 ba za a yi wa mai rubutu a yau ba, tunda abin da Gruhn da irinsa suka tattara yana kan kantar kowane edita. Har yanzu ana samun mai rubuta cewa Les Paul ne ya ƙirƙiri jitar lantarki, alhali George Beauchamp da kamfanin da ya zama Rickenbacker suna sayar da tasu tun 1932. Ana kuma samun mai rubuta cewa ranar da kamfanin yaɗa labarai na CBS ya sayi Fender a Janairun 1965 kan dala miliyan 13 komai ya lalace, alhali ma'aikata da kayan aiki da sassan da ke ajiye duk ba su canza a wannan wata ba, canje-canjen a hankali suka riƙa shigowa. Irin wannan ba ɓacewar kundi ba ne, ƙiwar buɗe littafi ce. Na yanke shawarar zan rubuta wa mujallar nan wasiƙa a kan hoton, ko da an yi shekaru da buga shi, kuma zan sa har da fuskar da Injiniya ya kawo ta canjin wuya, in ga ko za su amsa.

Injiniya Sale, Kano:
Nura, hoton mujalla bai isa hujja ba, ko da mujallar ba ta yi kuskure ba. Babban kan da ka gani ya fara ne a ƙarshen 1965 kuma ya ci gaba har farkon shekarun 1980, saboda haka bai ware maka 1966 daga sauran ba. Ka nemi izinin iyalin, ka sassauta tsirkiyoyin, ka kwance farantin gaba a hankali kada ka tsinke waya, ka duba bayan maɓallan sauti, waɗanda masu gyaran rediyo ke kira bolum. Akwai lamba a jikinsu. Uku na farko na kamfanin da ya ƙera maɓallin ne, 137 na CTS, 304 na Stackpole. Biyu na gaba shekara. Biyu na ƙarshe mako. Ka karanto mana, kuma ka duba ko darmar da ke kan wayoyin tsohuwa ce ko an taɓa sake ta.

Nura, Jos:
Na je da yamman nan, Injiniya, babban ɗan dattijon ya tsaya muka kwance tare. Biyu daga cikin maɓallan suna ɗauke da 1376634, na ukun kuma darma ta rufe lambarsa. Mai shiga tsakanin ya ce ga shi nan, 66, magana ta ƙare.

Injiniya Sale, Kano:
Ba ta ƙare ba. Lambar tana cewa CTS ya ƙera maɓallin a mako na 34 na 1966, ke nan jitar ba za ta riga wannan mako ba in maɓallan nata ne na asali, amma ba ta faɗi yaushe aka sa su a jita ba. Fender ya sayi maɓallai masu yawan gaske a 1966 ya riƙa amfani da su har farkon shekarun 1970, saboda haka ana samun jitar 1969 ko 1970 da irin wannan lamba. Ka juya ta ka ƙirga kusoshin da suka ɗaure wuya, domin a kan Stratocaster huɗu ne har cikin 1971, daga nan suka koma uku. Ka duba rubutun Fender da ke kan jitar, ko ruwan zinare ne mai baƙin gefe ko baƙi ne mai kauri, domin baƙin ya shigo ne wajen 1968. In iyalin sun yarda a cire wuyan, akwai hatimin wata da shekara a gindinsa, amma kada ka cire shi kai kaɗai in ba ka taɓa yi ba. Ka ɗauko mana hotunan waɗannan wurare uku da rana, ba da fitilar waya ba, kuma kafin nan kada ka faɗi farashi, kada kuma ka bari iyalin su karɓi na wani.